Kan riyalan da kake turo wa yayanka

Ɗana, saƙonka ya same ni a nan Gadarif ta ƙasar Sudan. Ka ce wasannin Kano da kuke kallo a waya in an tashi aiki a Jidda kusan duk zancensu ɗaya: ƙane na ƙasar waje yana turo kuɗi, wa yana cinyewa, a ƙare a gaban alƙali ko a ɗakin boka. Kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne ka nemi yayanka ya rubuta kuɗin noman riɗin da kake aiko masa, tunda ba ɗakinku ɗaya ba.

'Yan ubanci akwai shi, ba masu wasa suka ƙirƙiro shi ba. Waɗanda suka jefa Annabi Yusufu a rijiya ai 'yan ubansa ne. Sai dai mai shirya wasa ranar rigima yake ɗaukowa, don ita ke tara 'yan kallo. Shekarun da wa ya yi yana ciyar da ƙanne yana ɗinka musu kayan salla, wa zai zauna kallonsu?

Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka bakin kogi kusa da Sinnar, da gandu suka zo. In uba ya rasu, babban wa ke riƙe rumbu, shi ke biyan haraji da sadakin ƙanne, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Amma amanar ba a rufe ido ake ba da ita ba. Ranar kaɗe riɗi a kan shimfiɗa, ko ranar sussukar dawa, sai an kira dattijo ya zauna, a auna a gabansa, a ƙirga buhu da babbar murya har matan cikin gida su ji. Wannan ƙirgar ce takardarsu, kuma ba wanda ya taɓa cewa raini ne.

Balle rubutu, da aya ta 282 a Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da shi kan bashi, ba ta kuma ware 'yan'uwa ba.

Inda al'ada za ta kama ka shi ne hanya. Ƙane ba ya titsiye wansa, don haka kada ka aika masa da "sa hannu a nan" ta WhatsApp. Ni zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko. Kafin nan ka gaya mini gaskiya, bashi ne, jari ne, ko taimakon gida? Yawancin rigimar da na sasanta daga nan ta taso, ɗaya na cewa aro, ɗaya na cewa kyauta. A kuma rubuta shi da riyal, don ka san yadda jine, kuɗinmu na Sudan, ya zube tun da yaƙi ya ɓarke a 2023.

Iyayenku mata kuwa, kada ɗayarsu ta ji maganar nan daga bakinka kafin mu gama.