Tayosayanet na maganin ƙwari da na rogo, abu ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko sinadarin tayosayanet ɗin da ke cikin wasu tsofaffin magungunan kashe ƙwari shi ne wanda jiki ke samarwa bayan an ci rogo. Suna ne ya zo ɗaya, aikinsu ya sha bamban.

Na maganin ƙwarin su ne irin Lethane, wanda kamfanin Rohm and Haas na Amurka ya fitar a shekarun 1930, da Thanite na kamfanin Hercules. Ana haɗa su da kananzir a fesa wa ƙudaje, su zube nan take. Daga baya wani maganin ƙwari mai suna DDT ya ture su a kasuwa.

Haɗarinsu shi ne, idan irin su Lethane suka shiga jiki ta baki ko ta fata, hanta na farfasa su, gubar sayanayid ta fito. Ita kuwa hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da aka shaƙa take yi, sai numfashi ya sarƙe, jijjiga ta biyo baya, mutum ya suma. Ga kananzir ɗin da kansa: kada a sa wanda ya sha shi ya yi amai, don zai iya gangarawa huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Na rogo akasin haka ne. Sayanayid ɗin da ke fitowa daga rogon ne ke fara shiga jiki, hanta ta mayar da shi tayosayanet mai sauƙin guba, ya fita ta fitsari. Amma idan ya yawaita ga mai ƙarancin ayodin, yana jawo maƙoƙo, shi ya sa jiƙa rogo mai ɗaci da shanya shi sosai ba abin wasa ba ne.