Tutar Nijar da ta Indiya: kama da wane ba wane ba ne

Malam, ka tambaya ko Nijar kwaikwayon tutar Indiya ta yi, tunda ka ga launukansu iri ɗaya. Gaskiya daga nesa sun yi kama: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa. Amma ka matso ka dubi tsakiya. A ta Indiya, wadda aka amince da ita a 1947, akwai da'ira shuɗiya mai layuka 24, kamar ƙafar keke, ana kiranta Ashoka Chakra. A ta Nijar kuwa dunƙulen da'ira ce ruwan goro, babu wani zane a cikinta, kuma rana take nufi.

An amince da tutar Nijar ranar 23 ga Nuwamba 1959, tun kafin samun 'yanci a ranar 3 ga Agusta 1960. Yadda aka fi fassara ta, ruwan goron saman shi ne Sahara ta arewa, wajen Agadas da Bilma, koren ƙasan kuma kudu ce inda ake noma, su Maraɗi da Gaya. Farin tsakiya tsarkin zuciya ne. Abin da ya fi burge ni ke nan, wallahi: tutar taswirar ƙasar ce a kwance, duk wanda ya taso daga Agadas ya nufi kudu ya ga yadda yashi ke sakar wa gonakin gero wuri.

In dangi kake nema mata, duba ta Kodebuwa. Launukan dai su ne, sai dai nata a tsaye suke, kuma a shekara ɗaya aka amince da su biyun.