Kuɗin da ya shigo da sunan matar ƙaninka

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya same ni ranar Laraba da la'asar. Na karanta shi har sau biyu, ban amsa nan take ba, don ba magana ce da ake amsawa a tsaye ba.

Ka ce sunan uwargidan ƙaninka ya fito a tallafin nan da gwamnati ta yi alkawari bayan cire tallafin mai a 2023, Naira 25,000 sau uku, kuma na farko ya shigo mata. Shi ya ce ta miƙo kati da kuɗin tunda shi ne maigida, taki zai saya. Ita ta ce akuya take so. Mahaifiyarku kuma ta ce a raba biyu da amarya don kada zama ya lalace. Yau kwana huɗu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Kai kuma kana tambayata, a al'adarmu kuɗin da ya shigo gida ta hannun mace na wa ne.

Bari in faɗa maka abin da na tashi na tarar a gidan Baba, kakanku. Akwai gandu, akwai gayauna. Gandu na gida ne duka, maza su fita da sassafe sai azahar, abin da aka girbe ya shiga rumbun da ba mai buɗe shi sai Baba. Daga nan ake ciyar da kowa, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Gayauna kuwa ta mai ita ce, da yamma yake noma ta, abin da ya samu nasa ne. Mata su ma suna da nasu: kaɗi, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, da kiwo. Da idona na ga Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ƙirga kuɗi ya ba ta, ta auna masa man gyaɗar da za a yi miyar gidan da shi. Matarsa ce, a gidansa ta matse man, amma saya yake yi, domin cefane nauyinsa ne, mai kuma jarinta ne. Wata shekara haraji ya matso ba shi da ko sisi, ya ranci kuɗin tunkiyarta, da kaka ya biya ta har gaban Kawu. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. To duk wanda ya ce maka al'adar Bahaushe ta ba miji abin hannun matarsa, ba a gidajenmu ya ga wannan ba. Addini ma haka ya zo da shi. Ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, ba ta halatta gare shi sai abin da ta ba shi da daɗin rai.

Sai dai kada ita ma ta ɗauki wannan maganar ta yi gaba da ita. Wannan kuɗin ba sadakinta ba ne, ba kuma ribar ƙuli-ƙulinta ba. Don gidan aka bayar, aka damƙa a hannunta. Amana ce. Shi ba shi da ikon ƙwacewa, ita kuma ba ta da ikon ta kulle ɗaki ta ce ba ruwan kowa.

Da ka san dalilin da ya sa ake rubuta sunan mata, da ka gane inda na dosa. Nan ƙasar Gagarawa ta Jihar Jigawa mun ga irin wannan tun kafin naku. Daga 2014 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, suka riƙa ba mata masu juna biyu Naira 3,500 duk wata har yaro ya cika shekara biyu, daga baya aka mai da shi 4,000. An yi a Gagarawa da Buji da Kiri Kasamma, can Zamfara kuma a Anka da Tsafe. Da aka fara, maza a dandali cewa suke yi za a lalata mata, za su raina mazajensu, kowa zai kwanta ya daina nema. Ina koyarwa a lokacin, iyayen ɗalibaina da yawa suna ciki, ban ga wadda ta kwanta ba. Masu binciken da suka bi sawun shirin ma abin da suka samu shi ne tsumburewar yara ta ragu, mata sun ƙara dabbobi, sun ƙara sana'a.

Akwai wata maƙwabciyata da ba zan manta ba. Mijinta manomi ne na gaske, ba rago ba, amma duk shekara rumbunsu kan ƙare kafin ruwa ya zauna. To ka san yadda abin yake. Lokacin noman farko, ranar da ya kamata ya kasance a gonarsa, yana gonar wani yana ƙwadago don a samu abin ɗora tukunya da dare. Ya yi wa mai hali kwana biyar, ya yi wa kansa biyu. Kafin ya waiwayo ciyawa ta shanye geron, ya yi ja, ya tsaya iya gwiwa. Da marka ta yi marka sai ya je ya ci falle, ya karɓi kuɗi a kan zai biya da hatsi idan an yi girbi, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Ranar da aka ɗaure dammuna, tun a gona ake zuwa a kwashe rabi. Rumbu ya sake ƙarewa da wuri, ya tafi cin rani Kano, ya dawo a sake daga farko. Shekara da shekaru haka suke.

Daminar da ta fara karɓar kuɗin nan, ba wani abin a zo a gani ta yi da shi ba. Ranar da aka biya ta kan auno gero da ɗan wake, ta sayi ƙwai ko kifi saboda cikin da take ɗauke da shi, ta ware ɗari biyar ta zuba adashi. Shi ke nan. Amma saboda akwai tuwon dare, mijin ya yi noman farko da maimai a gonarsa a kan kari, bai ci falle ba. Na je yi mata barka bayan kaka, ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki ta nuna mini rumbu. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da kwasarta ta zo a adashi ta aika aka sayo mata 'yar akuya a kasuwar Maigatari. Kuɗin bai taɓa shiga aljihun mijin ba, amma a gonarsa aka fi ganin amfaninsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan shi ne abin da nake so ƙaninka ya ji.

Wani abu kuma da na lura da shi, wanda ya fi yawan kuɗin muhimmanci, shi ne sanin ranar zuwansa. Talaka ba rashin dabara ke damunsa ba. Wanda bai san abin da zai ci jibi ba, ba ya iya shirya abin da zai yi da kaka. Matan nan da suka san kowane wata abu kaza zai zo, sai ka ji suna lissafi: wata uku in sayi tunkiya, wata shida in fara yi wa yarinya tarin kwanuka, bana yaro zai koma makaranta. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Nijar sun ga irin haka, inda aka riƙa ba mata jika goma ta sefa duk wata har shekara biyu, da yawansu suka shiga asusu suka yi kiwo. Na matar ƙaninka ba irin wannan ba ne. Sau uku ne kawai, kuma Naira 25,000 a yau ko buhun taki ɗaya ba ta kawowa gida. Don haka ka gaya musu da babbar murya, kada wanda ya ci bashi a kan na biyu da na uku. Abin da ya shiga hannu shi ake lissafi da shi. Na ga gidan da aka karɓi kayan ɗaki bashi ana jiran wani rabo, rabon ya yi wata da watanni bai zo ba, ƙarshe sai da aka sayar da tunkiyar da ake da ita.

Game da taki da akuya, kowannensu yana da gaskiya, ba kuma wanda kuɗin zai ishe shi. In ni ce, tunda damina ta ƙarato, wannan na farko a sayi hatsin da zai riƙe gidan kwanakin noma, a ajiye shi daban, kada a taɓa sai an fara. Abin da ya ragu a auno taki ko tiya biyu ne, a bi gindin shuka da murfin kwalba kamar yadda malaman gona suke nunawa, maimakon a watsa. In Allah ya kawo na biyu, nata ne ta sayi akuyarta, kada kowa ya sa mata baki. Ka kuma tuna masa cewa kashin akuyar nan gonarsa za a kai shi, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuma ita za a ja zuwa kasuwa, ba sai ya je ya durƙusa a zauren wani ba.

Maganar mahaifiyarku ta a raba biyu, na san tsoron fitina ne ya sa ta faɗa, kuma tsoronta yana kan hanya. Amma ban goyi bayan raba kuɗin ba. In aka raba, kowace ta riƙe abin da ba zai yi mata komai ba, a mako biyu ya narke a gishiri da magi. Abin da al'ada ta sani shi ne tukunya ɗaya. Hatsin da aka saya da kuɗin nan, ranar girkin amarya daga cikinsa za a auna mata, 'ya'yanta su ci kamar yadda na uwargida za su ci. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'arawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke gare su a mayafi ɗaya su raba daidai. Idan kuma akuya ta haihu, uwargida ta ga dama ta ba amarya 'ya ɗaya ta riƙe, wannan kyautatawa ce da muka gada, tun da can mata na ba juna kiwo. Amma daga zuciyarta zai fito. In aka tilasta mata, an ɓata ladan, an kuma shuka abin da za a daɗe ana girba.

Kada su manta da waɗanda sunansu bai fito ba. Wannan ne wurin da abin yake ci mini rai. A wani rabo da aka yi a unguwarmu, akwai gwauruwa mai marayu biyar da masu rubuta suna suka tsallake ƙofarta, aka rubuta gidan da ke da shanun huɗa. Ranar biya tana zaune a ƙofar gida tana tsinkar zogale, mata na wucewa da ƙullin kuɗi a bakin zane, kowace ta sunkuyar da kai. Irin wannan yana raba mutanen da suka shekara talatin suna ciyayya. Ba laifin matar ƙaninka ba ne da aka rubuta ta, kada ta ji kunya. Amma ranar da ta auno hatsi, ta cika kwano ta aika wa ta kusa da ita da ba ta samu ba, yadda ake yi ranar suna ko ranar da aka yi yanka.

Kati da lambar sirri su zauna a wurinta. In za a je wurin mai POS, su je tare ko ta tafi da babban ɗanta, a ƙirga a gabanta, ta san abin da aka cire na caji. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi na goro don ya sa suna ko ya hanzarta biya, kada a ba shi ko kwabo.

Shi kuma ƙaninka, kada ka hau shi da faɗa. Na san shi tun yana goye, ba mugu ba ne. Namijin da ya ga abincin gidansa zai fito daga hannun matarsa, alhali shi aka ɗora wa nauyin, akwai abin da yake ji a ƙirjinsa wanda ba zai faɗa maka ba. Neman katin nan da yake yi, rabinsa kunya ce. Ka kira shi da dare, lokacin da ba ya gaban matansa, ka fara tambayarsa gona kafin ka kawo maganar kuɗi. Ka ba shi labarin Baba da man gyaɗar Inna, ya san su, ya ci tuwon gidan. In kana da hali ka tura masa kuɗin rabin buhun taki daga wurinka, ka ce gudummawarka ce ta damina, kada ka haɗa ta da wannan zancen ko kaɗan.

Mahaifiyarku ka bar ni da ita. Ranar Alhamis in an taso daga Maigatari akwai motar da ke bi ta garinku, zan shiga in kwana biyu a ɗakinta, in zauna da ƙaninka da uwargidansa in ji ta bakinsu.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Goggonka