Gurbin "ina kake zaune bara?" a binciken ayyukan yi

Tambaya: Malam, a takardar tambayoyinmu akwai gurbin inda mutum yake zaune wata 12 da suka wuce. Wani ɗan dako a gidan haya a Kurna ya ce min shi mutumin Kano ne, na shigar da Kano, mai duba aiki ya dawo min da ita. Ina na kuskure?

Ɗana, asalinsa ya ba ka, kai kuwa mazauninsa aka aike ka nema. Bahaushe in ka ce "daga ina?", garin iyayensa zai kira maka ko da ya shekara ashirin rabonsa da shi. Ka sauya bakin tambayar: "Azumin bara a wane gari ka yi shi? A ina kake kwana lokacin?" Azumi, Sallah ko damina, ka ɗauki wanda ya fi kusa da watan da takardar ke nufi, ka tuna Sallah na jawowa baya da kusan kwana 11 duk shekara.

Kada ka tambaye shi shiyya. Ka karɓi gari, sai ƙaramar hukuma, sai jiha. Shiyyar daga jiha ake fitar da ita. Shiyyoyi shida ne, Kano tana Arewa maso Yamma tare da Kaduna, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara.

A sunaye ake faɗawa rami. Wanda ya ce Nassarawa, ta nan cikin birni yake nufi, wadda ke cikin ƙananan hukumomin Kano 44, ko jihar Nasarawa mai hedikwata a Lafiya? In ka dangwala ba daidai ba, mutumin da bai taɓa wuce Hotoro ba ka mai da shi baƙo daga Arewa ta Tsakiya. Neja da Nijar ma haka, a rubutun Turanci sunansu ɗaya. Ka tambaya, wajen Minna ko wajen Maraɗi. Sabon Gari da Tudun Wada akwai su a Kano, akwai su a Zariya. Dattijon Gumel ko Kazaure kuma zai iya ce maka Kano, don sai a 1991 aka cire Jigawa daga cikinta.

Ɗan ci-rani ya fi kowa wahalar rubutawa: rani a birni, damina a gona. Ka ƙirga watannin tare da shi, ka bi ƙa'idar littafinku. Wata shida ne ma'aunin da aka fi amfani da shi. Kuma kada lokutan biyu, na tambayar aiki da na tambayar mazauni, su cakuɗe maka. Tun 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke lissafa wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya a kwana bakwai da suka wuce a matsayin mai aiki. Aiki na mako ne, mazauni na shekara.

In a zaure kake, maigida na amsa wa iyalinsa, kada ka kwafe amsarsa ka zuba wa kowa. Amaryar da ta tare bayan Babbar Sallah, bara tana gidansu, wataƙila a Daura. Ka kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, har yaron da aka kawo riƙo.

Gobe ka koma Kurna bayan la'asar, ka fara masa da azumin.