Tambayoyinku: In jam'iyyar Le Pen ta ci zaɓe, za a koro min ɗiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni uwa ce daga Garwa ta Kamaru. Ɗiyata na karatu a Liyon ta Faransa shekara biyu kenan, sai da babanta ya sayar da fili kafin muka haɗa kuɗin biza da jirgi, yanzu kuma kullum a rediyo sai maganar jam'iyyar Le Pen, wai ba sa son baƙi balle musulmi, ita kuma yarinyar tana sa hijabi. Dan Allah da gaske za su ci zaɓen 2027? In sun ci koro ta za a yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa karatunta albarka. Ba zan ɓoye miki ba, za su iya ci, kuma ba su taɓa matsowa kusa da mulki kamar yanzu ba.

Jam'iyyar nan ta Le Pen, wato Rassemblement National (RN), ai ba yau ta fara ba, tun 1972 uban, Jean-Marie Le Pen, suka kafa ta da sunan Front National. A 2002 ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Faransa duka ta tashi tsaye aka taru a bayan shugaba Chirac, tsohon bai wuce kashi 18 ba. Ɗiyarsa Marine ta karɓi jam'iyyar a 2011, ta wanke mata fuska, ta kori uban nata da kanta a 2015, ta sauya wa jam'iyyar suna a 2018. To kin ga a zagaye na biyu na 2017 ta samu kusan kashi 34, a 2022 ta haura 41. Ruwa ba ya tsami banza Hajiya, tsadar rayuwa ce da kuɗin mai da lantarki da ƙauyukan da likita ya yi musu nisa, talakansu ya gaji da tsofaffin jam'iyyu, sai RN ta zo ta nuna masa baƙo ta ce ga mai cin rabonka, alhali baƙon nan shi ke share asibiti da dare yana jinyar tsofaffinsu. Wannan ƙarya tana ci min rai wallahi.

Abin da ke tare musu hanya shi ne zagaye biyu. A zaɓen majalisa na Yuni da Yuli 2024 su ne kan gaba a zagayen farko, sai 'yan takara sama da 200 suka janye wa juna don kar ƙuri'a ta rabu, RN da abokanta suka ƙare da kujera 143 cikin 577, nesa da 289 da ake buƙata. Amma katangar nan kullum zaizayewa take, kuma shugaba Macron ba zai iya tsayawa karo na uku a jere ba. A Maris 2025 kotu ta samu Marine da laifin karkatar da kuɗin majalisar Turai, ta hana ta takara shekara 5, ta ɗaukaka ƙara. Ko ita ko babu ita, ga yaronta a siyasa Jordan Bardella, haifaffen 1995, matasansu na binsa a TikTok kamar mawaƙi.

Maganar kora kuwa, ki kwantar da hankali. Mai takardar zama da rajistar makaranta ba a tashi da safe a sa shi a jirgi, akwai kotuna, a Janairu 2024 ma majalisar tsarin mulkinsu ta soke sama da kashi ɗaya cikin uku na dokar shige da fice. Dubi Italiya, Meloni ta hau kujerar firaminista a 2022 da ihun hana baƙi, ita ɗin ce ta amince a shigo da ma'aikata 452,000 cikin shekara uku don gonaki da masana'antu ba hannu.

Inda nake jin tsoro shi ne matsi a hankali. Suna son a fifita ɗan ƙasa a aiki da gida da tallafi, a ƙuntata kawo iyali, kuma a 2022 Marine ta ce za ta hana hijabi har a kan titi. Ko dokar ba ta wuce ba, mai wulaƙanci a cikin bas zai ji ya samu ɗaurin gindi.

Don haka ki ce mata ta nemi sabunta takardar zamanta wata uku kafin ta ƙare, kar ta faɗi shekara ko ɗaya, ta adana kowace takardar prefektir (ofishin da ke ba da takardar zama) da rasit ɗin haya a waya da kuma a fayil, ta shiga ƙungiyar ɗaliban Kamaru da ke garin. In wani ya ci mata mutunci ta rubuta rana da wurin ta kai ƙara.