Allurar Rigakafin Mura: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tsamin Hannu, Zazzaɓi da Wurin da Ya Dace a Yi Ta

Daga wata mai shirin Umara a Kano: An yi mini allurar rigakafin mura shekaranjiya a damtsen hagu. Tun daren hannun ya yi tsami, ko ɗankwali da ƙyar nake ɗaurawa. Maƙwabciyata ta ce in gasa da ruwan zafi in shafa man zafi, mai kemis kuma ya ce in sayi ibuprofen. Wanne zan bi?

Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, wannan tsamin shi ne abin da aka fi samu bayan allurar. Rabin mililita ake zubawa cikin tsokar damtse, garkuwar jiki kuma takan taru a wurin ta fara aiki, shi ya sa yake ɗan kumbura, ya yi ja, ya yi ɗumi. Yawanci kwana ɗaya zuwa biyu ne, wasu ya kai musu uku.

A ranar farko sanyi ya fi zafi amfani. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta, ko ki jiƙa tawul da ruwan randa, ki ɗora minti goma zuwa goma sha biyar, sau uku ko huɗu a yini. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Bayan kwana ɗaya, idan ɗumi ya fi yi miki daɗi, ki gasa da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai ƙuna ba. Man zafi kam ki bar shi, yana iya sa fatar ta ƙara ja da raɗaɗi har ki kasa gane ko wurin na warkewa. Sannan kada ki sanƙame hannun. Ki riƙa ɗaga shi sama kina sauke shi a hankali, kina juya kafaɗa, ki ci gaba da ayyukanki marasa nauyi. Hannun da aka maƙale a jiki ya fi daɗewa da tsami.

Idan magani za ki saya, farasitamol ya wadatar: ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, tsakani awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Ki duba bayan kwalin maganin mura da ciwon jiki da kike da shi a gida, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta kuma ita ke ɗaukar wahalar. Ibuprofen yana aiki, miligiram 200 zuwa 400 bayan cin abinci, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai juna biyu sai da izinin likita.

Daga wani tela a Zariya: Yau mako uku ke nan da allurar, har yanzu ba na iya ɗaga hannu sama da kafaɗa, da dare ciwon kan tashe ni. Na lura can saman kafaɗa aka tsira mini. Maganin ne bai karɓe ni ba?

Malam, wannan ya wuce tsamin da muka yi bayani a sama, kuma muna roƙonka kada ka ƙara mako kana jira. Yadda ka kwatanta, zargi ya fi ƙarfi a kan inda aka soka allurar, maganin kansa ba lallai yana da laifi ba. A ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa akwai wata 'yar jaka mai ruwa da jijiyoyin da ke motsa gaɓar. Idan aka yi allura sama da yawa, ko ta nutse fiye da kima, ruwan rigakafin kan shiga can maimakon tsoka, sai kumburin da ya kamata ya tsaya a damtse ya kama gaɓar. Likitoci na kiran wannan SIRVA. Alamarsa ita ce ciwo ya fara cikin awa 48, ya ƙi tafiya, hannu kuma ya ƙi ɗaguwa. Ka je asibiti a duba, ka faɗi ranar da aka yi allurar da daidai wurin. Ana magance shi da maganin kumburi da motsa gaɓa a sashen gashin ƙashi, wani lokaci da allurar rage kumburi a gaɓar. Idan aka bari kafaɗar na iya sanƙarewa, gyaran ya ɗauki watanni, kai kuma da hannun kake neman abinci.

Ga kowa mai shirin karɓa, wurin da ya dace shi ne tsakiyar tsokar damtse, yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin kafaɗa, allurar ta shiga a miƙe. Ka zauna, mai allurar ma ya zauna daidai da kai, domin wanda ke tsaye a kanka ya fi saurin soka sama. A fito da damtsen gaba ɗaya. Jan wuyan riga ko gefen hijabi a buɗe ƙoƙon kafaɗa kawai shi ke jawo kuskuren nan, don haka a sa riga mai faɗin hannu, mace kuma ta nemi ma'aikaciya mace da wuri mai sirri. A saki hannu ya yi laushi, a kuma zaɓi wanda ba da shi ake aiki ba. Ba a yin wannan allura a mazaunai.

Daga wani magidanci a Maraɗi: Wani ya ce zai kawo mini ita gida a farashi mai sauƙi, asibiti kuma da tsada. Ba duk ɗaya ba ne?

Alhaji, ba ɗaya ba ne. Ana ajiye wannan rigakafi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Idan ya daskare ya lalace, idan ya sha rana a aljihu ko bayan babur ƙarfinsa ya ragu, kuma ido ba ya gane hakan. Ka nemi a fito da shi daga firji a gabanka, ka karanta ranar ƙarewar wa'adinsa da shekarar da aka yi shi dominta. Ƙwayar infuluwenza, wato mai kawo mura mai tsanani da ake yin allurar dominta, na sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta zaɓi nau'o'in da za a sa, don haka ragowar bara ba abin saye ba ne. Masu saye a Najeriya su duba lambar NAFDAC a kwalin.

Babban dalilin zuwa asibiti kuma shi ne minti 15 ɗin da ake zama bayan allura. Mummunan borin jiki, wato kumburin fuska ko leɓe, shaƙewar numfashi, borin jini da jiri, ba kasafai yake faruwa ba, wajen mutum ɗaya ne cikin miliyan. Amma idan ya zo, allurar adiranalin ake buƙata nan take, wanda ya zo gida da jaka kuwa da wuya ya riƙe ta. Maniyyata su yi da wuri, domin sai bayan kamar mako biyu kariya ke kankama. Ana iya haɗa ta da ta sanƙarau da Saudiyya ta wajabta a rana ɗaya, kowace a hannunta.

Daga wata uwa a Jos: Ɗana mai shekara biyar ya yi zazzaɓi a daren allurar, bayan kwana huɗu kuma ga majina da tari. Allurar ce ta sa masa mura? An ce in kai shi a sake, ni kuwa ina tsoro.

Ba ita ba ce. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar. Ɗan zazzaɓi, ciwon kai da kasala na kwana ɗaya ko biyu aikinta ne, majina da tarin kuwa murar yau da kullum ce, wadda wasu ƙwayoyin daban ke kawowa, musamman da hunturu. Ki ba shi ruwa da yawa da farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, kada ki ba shi asfirin. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko ya yi tsanani, kada ki ɗora shi a kan allura, ki kai shi a yi gwajin maleriya. Haka nan idan wurin allurar yana ƙara faɗi da ja bayan kwana uku ko ya tara ruwa. Batun sakewa gaskiya ne: yaron da bai kai shekara tara ba, idan karonsa na farko ne, sau biyu ake yi masa, tsakani aƙalla mako huɗu. Idan ranar ta zo yana zazzaɓi, a jinkirta har ya warware, amma 'yar majina ba ta hana yi.