Hitar Gidan Haya Ta Mutu, Na Sayi Sabuwa: Zan Iya Cire Kuɗina Daga Kuɗin Haya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina haya a Kofar Kaura cikin Katsina, shekarata ta uku ke nan. Na tarar da hitar ruwa mai lita 15 a banɗaki, kuma da ita aka nuna mini gidan. A Disamba ta daina aiki, ga mahaifiyata a wurina, ba ta iya taɓa ruwan sanyi. Mai gidan yana Abuja, sai na kira wakilinsa, ya ce, "Ka gyara, ma yi magana." Mai gyara ya ce ƙarfen ɗumama ruwan ne ya ƙone, zai canza shi a naira 25,000, amma gara sabuwa. Na sayi mai lita 30, da kuɗin aiki ta kama naira 170,000, tsohuwar kuma na sayar wa 'yan gwangwan. Yanzu mai gida ya ce ba shi ya aike ni ba. Wani ya ce mini in cire kuɗina daga haya mai zuwa, ya kafa hujja da hadisin Hindu matar Abu Sufyan. Ya halatta?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Duk wanda ya san sanyin asubar Katsina a hunturu ya san ba almubazzaranci ya kai ka kasuwa ba, tausayin uwa ne, kuma ina yi maka fatan ladarsa. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta ɗora wa wani bashin da bai ci ba.

Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai da ganganci ko sakaci, wannan ba a ja a kansa. Ka dai bincika a gida ko an kunna ta ne tanki babu ruwa, domin ƙarfen nan idan ya yi zafi a bushe nan da nan yake ƙonewa, kuma a garinmu famfo kan ɗauke ba sallama. In haka ta faru, gyara na wuyanka. In tsufa ne ko wuta ce ta zo da ƙarfi, ba ruwanka.

Hukuncinka yana rataye ne da kalmar da wakili ya faɗa: "ka gyara". Bai ce ka sayo ba. Izini yana tsayawa inda mai shi ya tsayar da shi, kuma a bakin Bahaushe gyara daban, sauyi daban. Da mai gyara ya kawo shawarar sabuwa, kira ɗaya ya rage ka yi, ka ce, "An ce gara sabuwa, kuɗinta kaza, in saya?" Ba ka yi ba, ka kuma ninka girmanta. Saboda haka abin da kake da bakin nema shi ne naira 25,000, kuɗin gyaran da aka yi maka izini, in dai mai gida ya saba barin wakilin nan ya yanke irin wannan. Ko shi ma gyaran ba ka yi ba, don haka ta hanyar sulhu za ka neme shi. Sabuwar hita kuwa dukiyarka ce: in mai gida yana so ya saya a farashin da kuka daidaita, in ba ya so ka kwance abarka ranar tashi ba tare da ka ɓata bango ba.

Kada ka ce ai dole ne ya gyara. A mashhurin mazhabar Malik, wanda Shehu Khalil ya tafi a kai a littafinsa Mukhtasar, ba a tilasta mai gida yin gyara. In lalacewar mai cutarwa ce ana ba ɗan haya zaɓi ya zauna ko ya tashi, wanda kuma ya kashe kuɗinsa ba da izini ba ana ɗaukarsa mai sa kai. Akwai malaman da suka ce a tilasta shi, kuma al'adarmu ta fi kusa da su, domin kowa ya san ƙwan lantarki da kan famfo na ɗan haya ne, abin da ke kafe a bango na mai gida. To ko a wannan ra'ayi, mai tilastawa alƙali ne, ba kai ba.

Maganar hadisin Hindu ita ce na fi jin tsoronta, domin ta zama sandar da kowane mai jin an cuce shi yake ɗauka. Hadisin ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim: Hindu ta kai kukan cewa mijinta ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta, aka yi mata izini ta ɗiba daga dukiyarsa. Malamai sun gina mas'alar zafar a kansa, wato mutum ya ɗauki haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya hana shi. Malikawa da Shafi'awa sun halatta, Hambalawa a mashhurinsu sun hana. Amma dubi abin da Hindu take bi: ciyar da mata da 'ya'ya, haƙƙin da aure da kansa ya tabbatar, ba mai musun sa, har shi Abu Sufyan. Kai kuwa bashinka bai tabbata ba tukuna, shi ne ma abin da ake jayayya a kai. Yaya za ka zama mai ƙara, kuma shaida, kuma alƙali? Sannan ita ba ta yanke wa kanta hukunci ba, ta je ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma ya ɗaure mata abin da "bil ma'aruf", gwargwadon buƙata da abin da aka saba. Lita 30 a madadin lita 15 ba gwargwado ba ne. Kuma Malikawan da suka halatta sun sa sharaɗi: a aminta daga fitina da zubar da mutunci. Kai ka san abin da zai biyo baya: takardar tashi, ƙara a kotu, a ce wane ya ci kuɗin haya, ga tsohuwa a ɗaki ana neman inda za a kai ta. Kuɗin haya bashi ne tabbatacce a kanka, da adadinsa da ranarsa, ba a goge tabbatacce da abin da ake shakka. Wanda ya ba ka fatawar nan ya ji hadisi, bai tsaya ya ji sharuɗɗansa ba. Ka gaya masa cikin ladabi ya daina yaɗa ta.

Akwai abin da ka faɗa a gurguje, ni kuwa a nan na fi tsayawa. Tsohuwar hita ba taka ba ce. Ko ta mutu murus dukiyar mai gida ce, kuma da bakinka ka ce naira 25,000 za ta tayar da ita, ashe ba bola ba ce. Sayar da ita ta'adi ne, kuma abin da ke kanka shi ne ƙimarta a yadda take ranar da ka sayar, ba 'yan canjin da masu gwangwan suka miƙa maka a bakin ƙofa ba. Ka nemi yafiyarsa tun kafin ya tambaya.

Shawarata, ka kira mai gidan da kansa, ka bar bi ta wakili. Ka fara da laifinka, ka ce ka wuce abin da aka ce maka kuma ka sayar da kayansa, sannan ka tura masa hoton rasit, ka nemi ya ɗauki wani kaso sabuwar ta zama ta gida. Shi ma ina kiransa ya ji tsoron Allah: ya karɓi haya a gida mai ruwan zafi, kuma za a bar masa sabuwa a gurbin tsohuwa, bai kamata ya noƙe gaba ɗaya ba. In kun kasa, ga limamin masallacinku, ga mai unguwa. Duk abin da kuka daidaita ku rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar.

Kafin nan, ka kira mai gyaran wuta ya duba ko an haɗa wa sabuwar wayar da ake binnewa a ƙasa don ta janye wuta, domin da yawa a gidajen haya ba a damu da ita ba. Ka sabar wa iyalinka kashe makunni kafin a shiga wanka, musamman Hajiya. Kuma kada jayayyar nan ta sa ka kwance hitar cikin fushi ta koma wanka da ruwan sanyi, ko ku koma jefa ƙaramar hita cikin bokiti yara na kai da kawo.

Wallahu a'alam.